Yadda Torvald Ya Koya Wa Iska Hanya

Mijin yayata, Torvald, duk rayuwarsa fankar kicin yake sayarwa, irin wadda ake kafawa a saman murhu ta zuƙe hayaƙi. Tun daga nan ya ɗauka duk iskar da ke ƙasar Sweden a ƙarƙashinsa take aiki. Ko labule ne ya motsa kuna cikin shan kofi, sai ya ɗaga yatsa ya gaya muku daga ina ta fito, ina za ta, da kuskuren da ta yi a hanya.

"Ebbe," yakan ce mini, "kai madara ka sani, tunda motarta kake tuƙawa. Iska kuwa ka bar ni da ita. A hannuna ta girma."

Da ya ajiye aiki sai ya sayo zanen jirgin sama mai kujera ɗaya, ya shiga gareji da katako da gam. Motar Yaya Gunnel ta koma kwana a waje, dusar ƙanƙara ta rufe ta, ta narke, ta sake rufewa, har muka daina ƙirga shekaru. Ranar da ya gama, ya rubuta wa jirgin suna da jan fenti a gefe: Sarauniya Gunnel. Ya kira ta ta gani.

"Da fentin nan shingen gida ka shafa wa, da na fi jin sarautar," in ji ta. Kafin a gama fitar da fukafukan ta shigar da masaƙarta garejin, ta canja kwaɗo.

Haka jirgin ya koma rumfar ƙungiyarmu ta masu ƙananan jirage, a filin ciyawa da ke bayan gonar Elof mai shanu. Ni ba ni da jirgi. Nawa aikin a ƙungiya uku ne: yankan ciyawa, toya waina, da sa baki a abin da ba ruwana.

Rumfar jirgi shida take ɗauka, kuma dokarta ɗaya ce tun zamanin iyayenmu. Kowace shekara ranar Lahadin Waina, in mutanen ƙauye sun taru, duk jirgin da ke kwana a ciki sai ya tashi ya yi rabin awa yana kewaya tafki a gaban kowa. Wanda ya kasa, a ranar ake tura shi waje, a ba na layi wurinsa. A bana wadda ke layi ita ce Majvor, likitar haƙori mai ritaya, wadda jirginta ya sha sanyi biyu a ƙarƙashin tamfal. Jirgin Majvor na ƙarfe ne, ya jure. Na Torvald katako ne da gam. In ya yi sanyi ɗaya a waje, sai dai a hura murhu da shi.

Jirgin na tashi kam, ba zan yi masa ƙarya ba. Matsalarsa baƙin mai. Da ya ɗan jima a sama sai allurar zafin mai ta fara rarrafe zuwa ja, dole ya sauko tun bai ga ƙarshen tafkin ba. Irin injin nan yana da ɗan lagireto na sanyaya baƙin mai, bai fi burodi girma ba, kuma sai an jawo masa iska daga waje ta tiyo. Kowa a ƙungiya haka ya yi: ɗan rami a gaban murfin inji, ɗan tiyo, shi ke nan, a je a sha kofi.

"Wannan aikin 'yan koyo ne," in ji Torvald. "Ku kuna roƙon iska. Ni umarni nake ba ta."

Ya ɗauki zarto ya huda ramin a kumatun murfin, can gefe inda ya kumbura. Wai nan iska ke wucewa da gudu, in ta ga ƙofa a buɗe ba za ta ƙi shiga ba.

Ya tashi, ya sauko. Allura a ja, har ta fi da saurin isa.

Shugabanmu Sixten, wani dattijo da kunnensa ɗaya ya daina aiki tun ina saurayi, ya zagaya jirgin yana jan ƙafa.

"Manna ulu," ya ce.

Haka muke yi a nan. In kana son ka san inda iska ta dosa, sai ka yayyanka zaren ulu gajeru, ka manna kan kowanne da salatif a jikin jirgi, ka bar jelar tana lilo. In an tashi, duk inda jelar ta kwanta, nan iska ta nufa. Ba ya ƙarya, ba ya jin kunyar kowa.

"Ni ba na bukatar zare ya gaya mini abin da na sani," in ji Torvald.

"Me ya ce?" in ji Sixten.

"Ya ce ya gode, yanzu zai manna," na ce.

Torvald ya harare ni, amma magana ta riga ta fita. Ya je gida ya gutsuro jan ulu daga rigar sanyin da Yaya Gunnel ke saƙa wa jikarta, ya manna kewaye da ramin. Majvor ta ce za ta bi shi a gefe da nata jirgin, ni in zauna a baya in ɗauki hoto da waya.

"Don me za ki taimake ni?" ya tambaye ta.

"Ba taimako ba ne, Torvald. Wurin kwanana nake dubawa. Ina so in san labule zan saya ko tamfal."

Muka tashi, muka sauko, aka taru a kan wayata. Duk zaren da ke bakin ramin ya miƙe tsaye waje, kamar gashin kyanwar da ta ga kare. Iska ba shiga take yi ba. Fita take yi, har da ɗan abin da ta tarar a ciki.

"Ka haɗa fankar kicin," in ji Majvor. "Zuƙewa take yi. Hannunka bai manta sana'a ba."

"Ulun ne," in ji Torvald. "Ulun zamani duk roba ne. Ba ya da nauyi, ba ya da tarbiyya."

"Gaskiyarka, mijin yaya," na ce. "Ni da ni ne, sai in manne jelar ma. In ga ta inda zai yi wa mutum taurin kai."

Kowa ya yi dariya. Torvald bai yi ba. Na ga idonsa ya yi wani haske.

Washegari na tarar da shi durƙushe da salatif. Kowane zare ya miƙar da shi, ya manne kai, ya manne jela, duk suna kallon ramin a jere kamar sojoji a fareti. Ya sa aka sake tashi, aka sake hoto. Ya ɗora wayar a teburin kofi yana bugun ƙirji.

"To ku duba! Ko ɗaya ya karkace?"

"Allurar fa?" in ji Majvor.

"A ja. Amma wannan matsalar allura ce, ba ta iska ba."

"Me ya ce?" in ji Sixten.

"Ya ce ulu ya tuba, saura allura."

Ya canja allura. Sabuwar ma ta je ja, har ta fi tsohuwar gaskiya. Sai ya ce to, tiyon ne ya yi siriri, iska tasa babba ce, ba ta bin lungu. Ya toshe ramin kumatu, ya bar ulunsa a manne don shaida, ya huda wani ramin a gaba, ya zo da wani farin tiyo mai faɗin cinyar mutum, mai kama da tsutsa. Na san tiyon nan. Na sha ganinsa a bayan injin busar da kaya na Yaya Gunnel. Na gyara tsayuwa, don ina son ganin ƙarshen abin.

Ya tayar da inji a ƙasa. Ba a jima ba wani wari ya tashi, irin na takalmin roba da aka manta a kan murhu. Tiyon ya kwanta a jikin salansa, ya narke, yana ɗiga a ciyawa kamar cuku. Muna cikin fifita da huluna sai ga motar Yaya Gunnel ta shigo filin da gudu. Ta fito gashinta a jiƙe, tabaronta duk tururi.

"Torvald! Ina tiyon injina?"

"Uwargida, aro na yi. Kimiyya ce ta bukata."

"Kimiyya ta zo ta goge bangon ɗakin wanki, ruwa yake zubarwa kamar an yi wanka da shi! Na kunna inji na fita, na dawo na tarar da gajimare a cikin gida. Ina tiyon?"

Ya nuna mata abin da ke ɗiga. Ta duba, ta duba shi, sannan idonta ya sauka a kan jan ulun da ke manne a kumatun jirgi.

"Wannan kuma hannun rigar jikata ne?"

"Kaɗan ne daga hannun hagu."

"Ka saurare ni da kyau, dattijon banza. In suka kore ka daga rumfar nan, kada ka kawo mini wannan akwatin gida. Gareji nawa ne yanzu. Ka kwana da shi a daji, ku rufa da ulun." Ta juyo kaina. "Kai kuma Ebbe, rufe haƙoranka. Na san da hannunka a ciki."

"Yaya, ni ciyawa kawai nake yanka."

Daga nan Torvald ya bar maganar rami, ya koma maganar bakin da zai kamo iska. Wai iska kamar saniya take, sai an tara mata bokiti. Ya raba bokitin madara biyu, ya manna rabin a murfin inji, ya ce kafin ya sake tashi sai mun gwada a mota. Muka ɗaure murfin a kan rufin tsohuwar motarsa da igiyar shanya. Ni ke tuƙi a kan hanyar gonar Elof, shi ya fito da rabin jikinsa ta taga, hannunsa a cikin bututu.

"Ƙara wuta!"

Na ƙara.

"Ina jin ta! Ta zo! Ƙara, Ebbe, ba madara ka ɗauko ba!"

Na taka har ƙasa. Sai na ji fau, motar ta yi sauƙi. Ta madubi na hango murfin jirgi yana juyi a sama, tashi mafi kyau da wani sashe na Sarauniya Gunnel ya taɓa yi. Ya haye shinge ya sauka tsakiyar shanu. Suka watse da gudu, ban da wata jar saniya mai ƙararrawa a wuya, wadda ta tako a hankali ta zura kai cikin bokitin tana neman abin da aka kawo mata.

Elof ya fito daga barga da cebur a hannu.

"Wane ne ke jifan shanuna da jirgi?"

"Gwaji ne, maƙwabci," in ji Torvald. "Kuma ya yi nasara. Ka ga ƙarfin iskar da ya kama?"

"Na gani. In madararsu ta tsinke gobe, kai zan tatsa."

Lahadin Waina ta matso. Torvald ya daina bari kowa ya leƙa. Ya rataya bargo a gaban jirgin, muna jin ƙarar zarto da waƙa daga ciki. Wannan karon ya sayi tiyon gaske, ruwan lemo, irin wanda kowa ke sawa. Ƙarƙashin murfin kuwa da ma akwai irinsa da yawa, don kowane tiyo a jirgi kalarsa ɗaya: na lagireto, na ɗumama ƙafa, na iskar da ke hura wa matuƙi a fuska. Majvor ta ce ya bari ta duba masa haɗin, ido biyu ya fi ɗaya.

"Ki duba ki kwance mini wani abu? Na san irinku. Mutum ya zo da haƙori ɗaya mai ciwo, ya fita ba uku."

"Kai ka sani. Na riga na auna labulen."

Ana gobe taro ya yaye bargon. Bokiti guda cur ya kafa a ƙarƙashin cikin jirgin, bakinsa a buɗe yana kallon gaba, saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Jirgin ya koma kamar kifin da ke hamma. Ya miƙo mini injin hura ganye.

"Hura a bakin. Ni zan zauna a ciki in saurara."

Na hura. Sai na ga hularsa ta tashi ta bugi gilashin da ke rufe kan matuƙi.

"Kai! Kai! Ebbe, ka gani? Iskar ta yi yawa har ta cika lagireto ta malalo cikin ɗaki! Wa ya taɓa yin haka a ƙungiyar nan?"

"Ba a taɓa ba, mijin yaya," na ce, kuma har zuciyata na yarda. Ni dai madara na sani.

Daga nan na hau tarakta na yanke filin tas, kamar yadda nake yi kowace shekara ana gobe taro. Ciyawar kuwa ba ma kwashewa. Barinta muke yi a shimfiɗe ta sha rana, ranar Litinin Elof ya kwashe wa shanunsa. Shi ne ladan aron filin. A bana an yi ruwa sosai, ciyawar ta kai gwiwa.

Ranar Lahadi gari ya yi kyau, ƙauye ya fito kaf. Ina gaban tanda ina zuba ƙullu, mata na shafa jam, yara na bin karnuka. A bangon ɗakin kofi akwai lasifika da muke haɗawa da rediyon matuƙa, don baƙi su ji abin da ake faɗa a sama. Jirgi biyar suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka yi rabin awarsu, suka sauko aka tafa. Sixten na zaune da agogo a hannu. Majvor ta riga ta cire tamfal ta ninke, ta jingina da fiffiken jirginta tana cin waina.

Torvald ya fito cikin rigar fata da farin mayafi a wuya. Ya tsaya a kan fiffike ya yi wa jama'a jawabi a kan iska, tun daga fankar kicin har zuwa guguwar teku. Yaya Gunnel ta juya baya tana duba jam. Ya shiga, ya ja gilashin ya rufe kansa, ya tafi ƙarshen fili. Muryarsa ta fito a lasifika.

"Jama'a, ku buɗe ido. Yau za ku ga yadda ake sa iska ladabi."

Ya ba inji wuta. Farfela ta tayar da yankakkiyar ciyawa, bokitin nan ya buɗe baki ya fara haɗiya. Jirgin ya taho a guje, yana barin hanya fes a bayansa kamar an share da tsintsiya. Da ya zo daidai mu, sai na ga gilashin da ya kamata a ga kan Torvald a ciki ya zama kore. Kore shar, yana juyawa, kamar miyar ganye a tukunya.

"Komai na tafiya dai..." in ji lasifika. Sai tari. "Iska na shig... tuf! Tuf! Wa ya... tuf!"

"Me ya ce?" in ji Sixten.

"Ya ce yana cin abinci," in ji Majvor.

"Ba na ganin... atishoo! Ebbe! Akwai fara a hancina!"

Allah ya taimaka ya tuna inda makashin wuta yake. Injin ya mutu, jirgin ya ci gaba da gangarawa a hankali, ya wuce ƙarshen fili, ya kwantar da shingen Elof, ya tsaya cak a tsakiyar makiyaya. Muka ruga gaba ɗaya, ni da cokalin ƙullu a hannu.

Gilashin ya buɗe. Ciyawa ta zubo ta ko'ina. A tsakiyar tulin akwai wani abu mai kama da mutum, ciyawa har wuya, ciyawa a gira, ciyawa a kunne, ido biyu kawai ke ƙiftawa. Kafin mu isa, jar saniyar nan mai ƙararrawa ta riga mu. Ta gane bokitinta. Ta zura kai cikin jirgin ta fara ci daga kafaɗarsa, ta haɗa da farin mayafin.

"Elof! Janye dabbarka!"

"Bar ta," in ji Elof. "Yau ne ka fara yi mini amfani. Ka yanka, ka kwaso, ka kawo har gida. Ranar Litinin ma ka zo."

Sixten ya iso daga baya yana haki. Ya sa aka kwance murfin inji a gaban kowa. Ya kama tiyon da ya fito daga bokiti, ya bi shi da hannu, ya bi, ya bi, har ya kai ga ramin da ke hura wa matuƙi iska a fuska. Lagireton kuwa na can gefe shi kaɗai, bakinsa a buɗe, ba tiyo, ba iska, ko ƙwayar ciyawa ɗaya ba ta same shi ba. Ya taɓa shi ya janye yatsa da sauri.

"Ka sanyaya matuƙi," in ji Sixten. "Mai kuwa ya dahu." Ya duba agogonsa, ya mayar aljihu. "Majvor, shigar da jirginki."

Yara suka taya ta turawa. Da ta zo wucewa ta miƙa wa Torvald tamfal ɗinta a ninke.

"Gefen hagu yana yoyo," ta ce. "Ka sa bokiti. Na ga kana da shi."

Torvald ya juya ya dubi Yaya Gunnel da irin idon da kare ke yi a bakin ƙofar kicin.

"Uwargida..."

"Ko farfela ba za ta shiga garejina ba."

Nan fa aka tsaya cirko-cirko. Kowa ya san abin da sanyi zai yi wa katako da gam, dariyar ma ta fara raguwa. Elof ya sosa ƙeya ya dubi saniyarsa, wadda har lokacin kanta na cikin jirgin.

"Akwai wuri a bayan barga, kusa da 'yan maruƙa," ya ce. "Ruwa ba ya shiga. Amma fankar bargar ta lalace, wari ya hana ni shiga. Ka gyara ta, kuma kai za ka riƙa kwashe kashi duk Asabar. Zuƙewa dai na ga ka iya."

Haka muka tura Sarauniya Gunnel ta ratsa makiyaya zuwa barga, shanu na biye da mu a layi suna cin abin da ke zubowa. Torvald na gefena yana tafe yana tofar da ciyawa. Har na fara jin tausayinsa. Muna isa ƙofar barga sai ya tsaya, ya kama hannuna, ya ja ni wajen kumatun jirgin. Jan ulun nan na nan a manne, kai da jela, a jere.

"Ebbe, kai shaida ne," ya ce a hankali. "Duk wannan bidirin da aka yi, ka ga ko zare ɗaya ya motsa?"